Manyan Biyar ko HEXACO: wane ma'aunin hali ya dace da mai bincike a tsakanin masu jin Hausa?

Da yammacin wata Asabar cikin hunturu, irin sanyin Jos ɗin nan da ke hana mutum rabuwa da kofin shayi, 'yar ƙanwata ta zo gidana a Unguwar Rogo da jakar takardu a kafaɗa. Tana karatun digiri na biyu a ilimin halayyar ɗan Adam, fannin da na shafe shekaru ina koyarwa. Bayan mun gaisa ta zazzage takardun a kan tabarma ta ce, "Kawu, malamin da ke duba kundina ya ba ni mako biyu in zaɓi ma'aunin da zan yi aiki da shi. Wasu sun ce Manyan Biyar, wasu sun ce HEXACO. Ni kaina ya ɗaure."

Na tambaye ta me take son ta gano. Ta ce tana so ta binciki amana a tsakanin yaran shago a kasuwannin Jos: me ya sa wani yaron shekara guda kacal maigidansa ke damƙa masa makulli da littafin bashi, wani kuwa ya shekara biyar ba a yarda ya taɓa aljihun tebur ba. Na ce mata tambayar nan tata ta riga ta yi rabin zaɓin. Amma da yake na san ɗalibai da yawa na tsayawa a wannan mararraba, wasu kuma su ɗauki ma'auni don kawai shi na gabansu ya ɗauka, na ga ya dace in baje abin da muka tattauna a daren nan.

Duka ma'aunan biyu uwa ɗaya ta haife su, kuma sai an san uwar za a gane inda 'ya'yan suka rabu. Tunanin shi ne: duk wani hali da ya dami mutane a zaman tare, to sun riga sun raɗa masa suna a harshensu. In ana son sanin rabe-raben halin ɗan Adam, a buɗe ƙamus. Francis Galton na Ingila ya taɓo wannan magana tun 1884. A 1936 Gordon Allport da Henry Odbert a Amurka suka zauna suka tsince kalmomi kusan 18,000 daga ƙamus ɗin Turanci waɗanda ake siffanta mutum da su, suka ware kimanin 4,500 a matsayin halaye masu ɗorewa. Raymond Cattell ya taƙaita su har ya fitar da ma'auninsa mai rassa 16. Sai a 1961 Ernest Tupes da Raymond Christal, masu yi wa rundunar sojin saman Amurka bincike, suka lura cewa duk yadda aka juya lissafin, gidaje biyar ne ke ta dawowa.

Abin da nake nufi da gida shi ne wannan. A ba mutum ɗari uku jerin kalmomi, kowa ya faɗi yadda kowace kalma ta dace da shi. Za a tarar wanda ya ce shi mai fara'a ne, galibi shi ne kuma mai yawan magana, mai son taro, mai saurin sabo. Akwai lissafin da ke gano kalmomin da ke tafiya tare haka ya haɗa su wuri guda. Wannan tarin shi ne gida ɗaya. Gardamar masana duka a kan gida nawa ne, kuma wace kalma ce ke kwana a wane ɗaki.

Mutanen Manyan Biyar

Wanda ya raɗa sunan Big Five, wato Manyan Biyar, shi ne Lewis Goldberg, a 1981. Ya yi digirinsa na uku a Jami'ar Michigan, sannan ya tare a jihar Oregon, inda ya shafe rayuwar aikinsa tsakanin jami'ar jihar da wata cibiyar bincike da ke garin Eugene. Mutum ne da ya yi shekara da shekaru yana jera kalmomi, yana ba mutane, yana lissafi, yana sakewa. Abin da ya fi burge ni a tarihinsa shi ne kyautar da ya yi wa duniya daga baya: ya kafa rumbun tambayoyi a intanet mai suna IPIP, wanda ke ɗauke da tambayoyi sama da 3,000, kowa ya ɗiba ya fassara ya yi amfani da su ba tare da neman izini ko biyan ko sisi ba. Ɗalibin da ke zaune a Naraguta da kuɗin data kawai a wayarsa yana cin moriyar wannan shawara har gobe.

Ta wata ƙofar kuma Paul Costa da Robert McCrae suka shigo. Su masu binciken tsufa ne, sun yi aiki a cibiyar gwamnatin Amurka mai nazarin tsufa da ke Baltimore, inda ake bin mutane iri ɗaya shekara bayan shekara ana duba yadda suke sauyawa. Da gida uku suka fara, shi ya sa ma'auninsu ke da suna NEO, wato harufan farko na sunayen gidajen ukun a Turanci, daga baya suka ƙara biyu. A 1992 suka fitar da NEO-PI-R mai tambayoyi 240, kowane gida an kasa shi ɗaki shida. A 1997 suka buga maƙalar da suka ce wannan tsari na biyar gadon dukkan 'yan Adam ne, ba na Turawa kaɗai ba.

Gidajen biyar, in za mu faɗe su da bakinmu, su ne: sakin jiki da son shiga jama'a, sauƙin kai da daɗin mu'amala, tsari da himmar aiki, saurin damuwa da tashin hankali, sai son sabon abu da zurfafa tunani.

Mutanen HEXACO

Michael Ashton ɗan Kanada ne, Kibeom Lee kuma daga Koriya ta Kudu ya zo. Sun haɗu suna ɗalibai a Jami'ar Western Ontario a shekarun 1990. Ashton ya zama malami a Jami'ar Brock, Lee kuma a Jami'ar Calgary. Ba da niyyar rushe Manyan Biyar suka fara ba. Sun shiga aikin jera kalmomin hali na harshen Koriya ne, sai suka ga in aka bar lissafin ya fitar da gida shida, na shidan yana fitowa da ma'ana sarai. Da suka waiwayi binciken da wasu suka yi a harshen Hungari da na Italiya, suka tarar can ma an taɓa ganin wani gida mai kama da shi, na gaskiya da riƙon amana, amma aka ɗauke shi kamar wani baƙon abu na harshen wurin. A 2004 su da abokan aikinsu suka haɗa sakamakon harsuna bakwai, na Holan, Faransa, Jamus, Hungari, Italiya, Koriya da Polan, suka nuna cewa gidan nan yana nan a dukkansu.

Suka kira shi gaskiya da tawali'u, shi ne harafin H na farkon sunan HEXACO, ma'auninsu mai gida shida wanda kowane harafin sunansa ke wakiltar gida ɗaya. Ɗakunansa huɗu: rashin yaudara da daɗin baki don neman wani abu, ƙin zamba da cin haram, rashin kwaɗayin dukiya da nuna isa, da rashin ɗaukar kai ya fi kowa. Da na karanta wa 'yar ƙanwata waɗannan sai ta ɗago kai ta ce, "Kawu, ai wannan shi ne abin da maigida ke nema a wurin yaro." Na ce to kin gani.

Wannan labarin nasu yana da darasi ga duk mai son zama malamin jami'a a wannan fanni. Ɗalibai biyu ne, ɗayansu ya zo da harshen da manyan fannin ba su ji, kuma wannan harshen ne ya buɗe musu ƙofar da suka gina aikin rayuwarsu a kai.

Inda suka rabu a kan halayenmu

A 1974 aka buga laccar Anthony Kirk-Greene a kan mutumin kirki a wurin Bahaushe, inda ya lissafa siffofi goma: gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. Ni a ganina babu gwajin da ya fi sauƙi ga kowane ma'aunin da aka kawo mana daga waje kamar a ɗora waɗannan goma a kansa a ga nawa zai iya ɗauka.

Ɗauki gaskiya da amana da adalci. A HEXACO suna da gidansu sukutum. A Manyan Biyar kuwa sai an yi lalube. In adalci za a yi, dogon ma'aunin Costa da McCrae bai manta da su gaba ɗaya ba, don a ƙarƙashin sauƙin kai akwai ɗakin faɗin gaskiya da ɗakin tawali'u. Amma ɗalibanmu ba dogon suke amfani da shi ba. Galibi gajeren ma'aunin Manyan Biyar mai suna BFI suke ɗauka, mai tambayoyi 44, wanda Oliver John da abokansa suka fitar a 1991, kuma a cikinsa ba a tambayar mutum komai game da cin hanci, ko zamba, ko kwaɗayi. Yaron da ke da fara'a da ladabi a gaban kwastoma, mai zuwa shago da wuri, mai jera kaya tsaf, zai ci maki mai kyau a sauƙin kai da himmar aiki, alhali kullum yana zare ɗari biyar daga ciniki. Kowane ɗan kasuwa a Terminus ya san irin wannan yaro. Ma'aunin da ba zai iya bambanta shi da na ƙwarai ba, bai amsa tambayar amana ba.

Wannan ba zato na ba ne kawai. Bincike da dama, har da wanda ya tattara sakamakon nazarce-nazarce masu yawa aka buga a 2019, sun nuna gidan gaskiya da tawali'u na daga cikin mafi ƙarfi wajen hasashen ɓarna a wurin aiki, irin su sata da ha'inci, kuma HEXACO ya fi Manyan Biyar kama wannan ɓangare. Haka nan halaye ukun nan da Delroy Paulhus da Kevin Williams suka haɗa a 2002, wato makirci, son kai mai tsanani da bushewar zuciya, suna tafiya ne kafaɗa da kafaɗa da ƙarancin maki a wannan gida.

Sai haƙuri, kuma a nan ne na fi jin HEXACO ya matso kusa da mu. A tsarin Manyan Biyar, saurin fushi yana zaune ne a gidan damuwa, tare da tsoro da fargaba da baƙin ciki. Ashton da Lee suka ɗauke shi daga can suka kai shi gidan mu'amala, suka sa shi kishiyar haƙuri da yafiya da sassauci. Ka tambayi kowace tsohuwa a Gangare ko mai zafin rai da matsoraci jirgi ɗaya ya kwaso su, za ta ce maka a'a. Mai zafin rai rashin haƙuri ke damunsa, matsoraci kuwa raunin zuciya. Yadda muke raba su a baki, haka HEXACO ya raba su a takarda.

Kunya kuwa, duka biyun sun gaza a kanta, kuma gara a faɗa tun da wuri. A BFI akwai tambaya a kan ko mutum yakan ji nauyin mutane ya noƙe, kuma wanda ya amsa da e, makinsa na sakin jiki ne ke raguwa. HEXACO ma yana auna ƙarfin halin yin magana a gaban jama'a a wannan gida. To amma kunyar da muke yabo ba tsoron mutane ba ce. Matar da ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ko saurayin da ke cire takalmi ya durƙusa in ya hangi surukinsa, wataƙila su ne suka fi kowa baki a cikin tsaransu. Kunya a wurinmu sanin wa ake yi wa me ne, da kuma a ina. Ma'aunin da ya tambayi mutum halinsa a dunƙule, ba tare da ya ce a gaban wa ba, zai rubuta mai tarbiyya a matsayin mai noƙewa. Zanin aro ba ya rufe katara, kuma a daidai kunya da ladabi da mutunci ne katarar ke fitowa.

Wannan ya tuna mini da Walter Mischel, wanda a 1968 ya girgiza fannin da cewa alaƙar makin da mutum ya ci a takarda da abin da yake aikatawa a wani yanayi na musamman ba ta cika wuce 0.30 ba, a sikelin da 1 ke nufin cikakkiyar alaƙa. An shekara ashirin ana wannan muhawara. Mu ma muna da ita a karin maganarmu: masu cewa hali zanen dutse, da masu cewa zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Kowanne da gaskiyarsa. Costa da McCrae sun daɗe suna kare cewa bayan shekara 30 hali ba ya wani motsi sosai, sai binciken Brent Roberts da abokansa na 2006 ya nuna mutane na ci gaba da ƙara natsuwa da kula da aiki har cikin tsakiyar rayuwa. Ga mai binciken yaran shago, waɗanda yawancinsu ba su kai 25 ba, ma'anar wannan ita ce kada ta rubuta sakamakonta kamar hukuncin da ba ya tashi.

Abin da ke jan mutum zuwa Manyan Biyar

Kada wani ya ɗauka na yi watsi da shi. Yana da ƙarfin da HEXACO bai kai ba, kuma ƙarfin shi ne yawan jama'a. An yi shekaru ana tara bincike a kansa, a kan lafiya, tsawon rai, zaman aure, cin jarrabawa da ƙwazon aiki. Tun 1991 Murray Barrick da Michael Mount suka nuna cewa tsari da himma na hasashen ƙwazo a kusan kowane irin aiki. Ɗalibin da zai rubuta babi na biyu, na bitar ayyukan magabata, ba zai rasa abin karantawa ba, har da ayyukan da aka yi a jami'o'in Nijeriya. Malamin da za a gayyato daga wata jami'a ranar kare kundi ma ya san shi, ba sai an tsaya dogon bayani ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga wanda ke son ya gama a kan lokaci.

Saboda haka in tambayarka a kan damuwa ce, ko gajiyar ma'aikatan jinya, ko abin da ke sa ɗalibi ya dage da karatu, ko kana son kwatanta sakamakonka da na wasu ƙasashe, ɗauki Manyan Biyar ka huta. Gidan damuwa nasa ya fi dacewa da binciken lafiyar ƙwaƙwalwa, domin ya tattara fargaba da baƙin ciki da rashin natsuwa wuri guda, kuma an daɗe ana danganta shi da cututtukan da likitoci ke gani. Shawarata kawai, a nemi sabon BFI-2 mai tambayoyi 60 wanda Christopher Soto da Oliver John suka fitar a 2017. A guji ɗan guntun nan mai tambayoyi 10. An yi shi ne don binciken da hali ba shi ne jigonsa ba, kuma tambaya biyu ba za su auna gida guda a kundin digiri na biyu ba.

Maganar kuɗi gajeriya ce. NEO-PI-R na kamfani ne, da dala ake saye, kuma fassara shi sai da izini. IPIP kyauta ne ga kowa. BFI da HEXACO kyauta ne ga binciken ilimi da ba na kasuwanci ba. HEXACO yana da mai tambayoyi 60, da mai 100, da mai 200, kuma yana da fom biyu: wanda mutum zai cike game da kansa, da wanda wani da ya san shi zai cike game da shi. Ga aikin 'yar ƙanwata wannan fom na biyu zinariya ne.

Wanda kuma ya zo da maganar gwajin nan mai haruffa huɗu da ke yawo a Facebook, wato MBTI, ya bar shi a can. Yana kasa mutane gida biyu-biyu alhali yawancin mutane a tsakiya suke, kuma mutum ɗaya kan iya fitowa da wani nau'in daban in ya sake cikewa bayan 'yan makonni.

Ramin da ke gaban duka biyun

A nan na fi daɗewa da ita, har shayin ya huce. Zaɓin ma'auni ba shi ne ke kashe bincike a wurinmu ba. Yadda ake kai shi gaban mutane ne.

A 2013 Michael Gurven da abokansa suka fassara BFI zuwa harshen Tsimane, mutanen dajin Bolibiya masu noma da farauta, suka yi wa mutum 632 tambayoyi. Gidaje biyar ba su fito ba. Abin da ya fi fitowa biyu ne, ɗaya na kyautata wa jama'a, ɗaya na ƙwazon aiki. A 2019 kuma Rachid Laajaj da abokansa suka duba amsoshin mutum sama da 90,000 daga ƙasashe 23 masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita, waɗanda aka yi musu tambayoyin baki da baki. Nan ma tsarin ya wargaje. Amma a waɗannan ƙasashe ɗin dai, waɗanda suka cike da kansu a intanet, tsarin ya fito. Daga cikin dalilan da suka kawo akwai tasirin mai yin tambayar, da kuma ɗabi'ar amsa kowace tambaya da e.

Wannan na ƙarshe na gan shi da idona. Shekarun baya na fassara wasu tambayoyi cikin gaggawa na tura matasa su karanta wa mutane a unguwa. Da takardun suka dawo sai na ga dattijo ɗaya ya yarda cewa shi mai yawan magana ne, can ƙasa kuma ya yarda cewa shi mai shiru-shiru ne. Ba ƙarya ya yi ba. Baƙo ne ya zo ƙofar gidansa da takarda, ɗan makaranta, yana karanto magana, shi kuwa ladabi bai bar shi ya yi ta ce wa baƙo a'a ba. "Haka ne, ɗana," ita ce amsar kusan komai. Aikin wata biyu ya tafi a banza, kuma laifin tsarin da na yi ne, ba na dattijon ba.

HEXACO bai tsira daga wannan ba, yana ma da nasa ƙarin nauyin. Cikin tambayoyinsa akwai wadda ke tambayar ko mutum zai saci maƙudan kuɗi in ya tabbata ba za a kama shi ba, da wadda ke tambayar ko zai karɓi cin hanci. Ka yi tunanin yaron shago a Katako, maigidansa na zaune taku uku daga wurin, wata baƙuwa na karanto masa wannan. Wa zai ce e? Akwai kuma tambayoyin zuwa gidan nunin zane-zane da sauraren kiɗan gargajiyar Turawa, waɗanda ba su da ma'ana ga wanda son fasaharsa ke fitowa a sauraren waƙar baka ko ƙawata ɗinkin hula. Dole a nemo abin da ya yi daidai da su a rayuwarmu, a kuma bayyana a cikin kundi cewa an sauya.

Ko a Turai ma maganar ba ta ƙare ba. A 2010 Boele De Raad da abokansa suka kwatanta bincike 14 na kalmomin hali, suka ce gida uku ne kaɗai ke maimaituwa sosai a dukkan harsunan. A nan Afirka, Amber Thalmayer da Gerard Saucier da abokan aikinsu sun yi aikin jera kalmomi a harshen Maa na Masai a Kenya da harshen Supyire a Mali, aka buga a 2020, kuma ba biyar ɗin ba shidan ba wanda ya fito cif yadda yake a littattafai. A Afirka ta Kudu masana sun bi harsunan hukuma 11 na lokacin, suka tambayi mutum sama da 1,000 su siffanta na kusa da su, suka fitar da rukuni tara, inda halayen zaman tare suka fi yawa nesa ba kusa ba. Fanny Cheung ta Hong Kong ta riga su yin irin wannan ga Sinawa, ta samo gidan da ya shafi kiyaye zumunci da mutuncin juna.

Hanya ta uku, da abin da na ce mata

Waɗannan ayyuka su ne ke nuna hanya ta uku: a yi wa Hausa abin da Allport ya yi wa Turanci. Kayan aikin suna nan. Ga ƙamus ɗin Bargery na 1934, ga na Abraham, ga Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006. A tsince kalmomi irin su kawaici, dattako, rowa, ƙeta, wayo, sakarci, tsiwa, fitsara, jarumta, gulma, zumunci, ƙyashi, a tace su, a ba ɗaruruwan mutane, a ga gida nawa harshenmu zai gina da kansa. Jos wuri ne mai kyau ga wannan aiki, domin Hausa a nan ba ta Hausawa kaɗai ba ce. Birom da Afizere da Anaguta da Ngas da Ibo da Yarabawan da aka haifa a garin duk da ita suke ciniki, sai a ga ko kalmar kunya nauyinta ɗaya a bakin kowa. Duk matashin da ke son ya yi suna a wannan fanni, a nan nake ganin filinsa yake, ba a maimaita binciken da aka yi sau ɗari da ɗaliban aji ɗaya na jami'a ba.

Amma wannan aikin digiri na uku ne, yana cin shekaru da kuɗi da abokan aiki masana harshe. Mai wata goma sha biyu a hannu kada ta ɗauko shi.

Abin da na ce mata shi ne ta ɗauki HEXACO mai tambayoyi 60. Ta sa mutum biyu su fassara shi zuwa Hausa kowa daban, wani na uku da bai ga asalin ba ya mayar da shi Turanci, a zauna a daidaita inda aka saɓa, wato hanyar da Richard Brislin ya bayyana tun 1970. Ta gwada shi a kan yara ashirin tukuna, tana tambayar kowanne me ya fahimta da kowace jimla. Wanda ya iya karatu, boko ko ajami, a bar shi ya cike da hannunsa. Wanda bai iya ba, a ja shi nesa da shago, a ba shi kati biyar, kowanne na wakiltar amsa ɗaya, ya nuna da yatsa maimakon ya furta. Ta nemi yara kamar ɗari uku, ta rubuta harshen uwa na kowanne. Iyayen gida su cike fom na biyu, kuma ko da wasa kada amsar yaro ta kai kunnen maigidansa, don abincin mutum ne a ciki. A ƙarshen takardar ta ƙara kalmomin Hausa kamar talatin, da goman nan na mutumin kirki a ciki, ta ga wanne ya shiga gidan da aka tanada, wanne ya tsaya a waje. Waɗanda suka tsaya a waje su ne irin da za ta shuka a digiri na gaba.

Ta yi shiru tana rubutawa, can ta ce, "Kawu, in malamina ya ce shi Manyan Biyar ya sani fa?" Na ce ta kai masa tambayoyin BFI da na HEXACO a jere, ta roƙe shi ya nuna mata wadda ke auna amana a cikin na farkon. In ya dage, ta haɗa biyun, tunda tambaya 104 ba ta fi ƙarfin zama ɗaya ba in an ba yaro lemo da haƙuri.

Ranar Laraba ta kira ni daga Farin Gada, hayaniyar masu sauke kwandunan tumatir na tashi a bayanta. Malamin ya amince da HEXACO. Matsalar da ta kira a kai ita ce masu fassararta biyu sun saɓa a kan kalma ɗaya, ɗaya ya rubuta tawali'u, ɗaya ya rubuta ƙanƙan da kai, yaro na farko da ta gwada kuma ya ce shi a wurinsu rashin girman kai ake cewa. Na ce ta rubuta na yaron, ta kuma tambayi sauran goma sha taran.